Saƙon Ƙarfe Uku na Dare

Shekara ashirin da biyu ina ungozoma a Recife.
A da, in ana neman masu juna biyu don bincike,
ƙafa ce ke yi: in ɗau lema, in haye gada,
in ƙwanƙwasa ƙofa, a miƙo kofi mai zaƙi kamar alewa,
sai na shanye kafin in buɗe jaka.

Bana sai ga Wanderson, yaro mai tabarau,
ya ce, "Dona Edileuza, hutar da takalminki.
Mata ɗari uku muke so, 'yan wata huɗu zuwa ƙasa,
a auna jini, a ga abin da sauro ya bari.
Waya za ta nemo su."
Ya sa hoton ciki cikin riga ruwan ɗorawa,
ya rubuta layi biyu, ya biya kuɗin talla,
ya jefa ƙugiya a kogin da ba shi da gaɓa.
Kafin gari ya waye arba'in sun amsa.
Na ce, to, zamani riga.

Daren Laraba, ƙarfe uku,
wayar aiki ta yi haske kusa da matashina.
Jucilene ce, mai toya wainar rogo a tashar Afogados:
"Baiwar Allah, tambaya ɗaya.
Uwata ba ta sani ba.
Mijina na teku, bai sani ba.
Ni kaina jiya na gama ƙirga kwanaki.
Wa ya gaya muku?"

Na zauna bakin gado, fanka na ta juyi.
In ce me? Ta nemi maganin tashin zuciya da tsakar dare,
ta ɗan daɗe kan hoton safar jariri,
na'ura kuwa ba ta gyangyaɗi, ba ta mantuwa, ba ta san kunya ba?
A sana'armu ciki sirri ne sai mai shi ta buɗe baki.
Ko na ga alama a idon mace, nakan haɗiye.
Ga shi mun faɗa ɗaki ba sallama.

Na rubuta: "Ba wanda ya gaya mini, ban san ki ba sai yanzu.
Wayarki ce ta yi zato, muka hau zaton.
Ki yafe. In kin ce a'a, magana ta ƙare."
Ta fara rubutu, ta goge. Ta fara, ta goge.
Sai shiru.

Ranar Juma'a ta shigo, garin rogo a ƙumbunanta.
Takardar amincewa shafi huɗu, ta ce in karanta da ƙarfi.
Ta tsayar da ni a kan kalmar jini:
"Ina ake ajiye shi? Wa ke riƙe da makullin firij?
Sunana za a liƙa a kwalba?"
"Lamba."
"In na fasa fa?"
"Ki yi tafiyarki. Awonki na nan, ba mai harararki."
Ta sa hannu a hankali, kamar mai yanka sabon yadi.
A bakin ƙofa ta juyo:
"Ni zan gaya wa uwata. Kar wayarku ta riga ni."

Jiya Wanderson ya tafa: ɗari biyu da tamanin da ɗaya!
Ni taswirar bango nake kallo.
Allurai sun cunkushe inda sabis ke da ƙarfi.
Can bakin laka kuwa, gidajen da ke tsaye kan sanduna,
inda mata ke tonon ƙaguwa har ciki ya hana su sunkuyo,
inda waya guda ke yi wa mutum shida hidima,
fayau, ko allura ɗaya.
Sauro bai taɓa jiran data ba kafin ya je can.

Litinin zan ɗau lema.
Takalmin ma na kai an yi masa sabon dunduniya.